Ranar da Badaru Ya Mayar da Furar Inna

Badaru na Farin Dutse ya rasu wata Alhamis da hantsi, bayan an gama yankan dawa, yana kishingiɗe a zaurensa ana hira. Duk wanda ya zauna makokinsa zai ba da shaida: da wuya a daɗe ana jimami ba a sami wanda ya tuno wata maganarsa an fashe da dariya ba, sai kuma a ji kunya a koma salati. Haka ya bar mu, hawaye na zuba baki na murmushi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

A ƙuruciyarsa ƙato ne, baƙi, mai faɗin ƙirji da tumbi, amma fuskarsa ta yara ce, gemu ya ƙi fito masa sai 'yan sili biyu-uku a haɓa. Noma ya gada. Bayan samun 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja, shi ya fara sayen garmar shanu a unguwarsu. Ya raɗa wa sa ɗaya Direba, ɗayan Yaron Mota, yana huɗa yana yi musu faɗa kamar mutane, har masu wucewa su tsaya bakin gona suna saurare. Da rani kuma yakan ɗora amya a kan itatuwan ɗorawa, don haka zuma ba ta yankewa a gidan.

Shi ne ɗan fari wurin mahaifiyarsa, Inna Kubra, ita kuwa mace ce ta da, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. In suka haɗu a tsakar gida sai ta kau da kai kamar ta ga baƙo. In tana da saƙo sai ta faɗa wa katanga ko kaji, da ƙarfi yadda zai ji: "A gaya wa mai shanun nan danga ta faɗi." Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, ƙannensa mata duk sun yi aure nesa, daga ita sai shi sai matarsa Safara'u da 'ya'yansu.

Amma kullum da azahar akwai ƙwaryar fura a ƙofar zaure, damammiya da nono da zuma, ba wanda ya ga mai ajiyewa. In ya gama, ita ke zuwa ta ɗauke ta leƙa ciki. In ta ga an suɗe tas, sai ka ji ta tana tsokanar jikoki, ta ci abincinta da daɗi. In an rage, ranar ko ruwa sai an lallashe ta. Duk maganar da ke tsakanin uwa da ɗa a cikin ƙwaryar nan take.

Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, da bazara, Badaru ya fara ƙishirwar da ba ta jin ruwa. Ya tsaya gaban randa ya yi ta kwankwaɗa, kafin ya zauna fitsari ya matse shi. Tumbi ya zube, wando ya koma sai an ninka mazugi. Kiyashi suka riƙa taruwa inda ya tsuguna. Aka yi sassaƙe, aka yi rubutu, shi kuma yana ta raha, wai rama ta zo masa da arha, yanzu yadi kaɗan zai ishe shi riga. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Gwaram, taubashinsa Hambali, ɗan yayan Inna Kubra, shi ya ciccibe shi zuwa ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya dube shi sau ɗaya ya ce a wuce Birnin Kudu.

A can aka kwantar da shi, aka ɗaura masa ruwa, aka shiga yi masa allura safe da yamma. Safara'u ta bar yara wurin Inna ta zo jinya. Da ya farfaɗo har ya fara tsokanar masu gadon kusa da shi, likita ya zo ya ja kujera. Saurayi ne, Bakatsine, bai daɗe da gama karatu a Zariya ba, mai sanyin magana.

Ya ce, "Malam Badaru, ciwon sukari gare ka. Amma ciwon nan iri biyu ne, kuma ban gama sanin wanne ne naka ba."

"Likita, ba ni mai sauƙin, in bar wa Hambali ɗayan."

Likita ya yi dariya. Ya ce akwai wanda ya fi kama yara da samari, ya ramar da su cikin ɗan lokaci, domin jikinsu ya daina yin sinadarin da ke sarrafa sukari sam. Mai irin wannan allura ce rayuwarsa, kullum, har ƙarshen kwanansa. Akwai kuma wanda ya fi kama manya, musamman masu jiki, yakan bi jini a gida. Shi jiki yana yin sinadarin, sai dai bai isa ba, don haka sau da yawa ƙwaya da kiyaye abinci sun wadatar.

"Shekarunka nawa?"

"Talatin, likita. Ko a ɗan rage."

Hambali da ke zaune a ƙasa ya tafa hannu. "Talatin! Tun kafin in yi aure yake talatin ɗin nan. Likita, kada fuskar ta ruɗe ka, tsohon biri ne."

"To kai ka san nawa ne?"

Hambali ya sosa ƙeya. Shi ma bai san nasa ba. Aka tambayi ko akwai mai irin ciwon a dangi, Badaru ya ce a gidansu ba a ciwo sai na yunwa, shi ma tuwo ke maganinsa. Likita ya dubi ramammen mutum mai fuskar yaro, ya girgiza kai.

Sai ya faɗa masa abin da ya hana shi raha yini guda. In na allura ne, ba zai yiwu ya koma Farin Dutse ba tukuna, mai yiwuwa ma har abada. Maganin yana son wuri mai sanyi, sirinji sai an tafasa, in allura ta yi yawa mutum na iya suma a gona ba mai ceto. Sai dai ya nemi ɗaki a Birnin Kudu kusa da asibiti. Badaru kuwa ya san Inna Kubra ko da sarƙa ba za a fitar da ita daga gidan da mijinta ya bar ta ba. In ya zauna a birni, tsohuwa za ta ƙare kwananta ba ɗa a kusa.

Likita ya ce, "Kada ka karaya. Akwai wani abu da kan fito a fitsarin masu na farkon in ciwo ya yi tsanani, ban same shi a naka ba. Zan janye allurar a hankali in sa ka kan ƙwaya da abinci na awo. In sukari ya sauka ya zauna, ka tafi gida."

Yadda ake dubawa kuwa abin kallo ne. Akwai wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, a ɗiga fitsari a ciki a ɗora kan 'yar fitila. In ya tafasa bai sauya ba, lafiya lau. In ya koma kore, akwai sukari kaɗan. Rawaya, ya yi yawa. In ya yi ja kamar jar ƙasa, abu ya ɓaci. Badaru ya sa wa kwalbar suna Alƙali. Kowace safiya sai ya ce wa nas, "Yau me Alƙali ya yanke?"

Da farko Alƙali ya yi sassauci, daga ja zuwa rawaya, daga rawaya zuwa kore. Sai ranar kasuwar Birnin Kudu ta zagayo, motar Gwaram ta sauke Hambali da kaya niƙi-niƙi: ƙwarya cike da curin fura, gorar nono, kwalbar zuma, ga kwano mai murfi shaƙe da nakiya. Inna ba ta ce a kai wa wane ba. Ta dai ajiye a gaban Hambali ta ce, "Tunda birni za ka, ga wannan, ko ka gamu da mai jin yunwa."

Aka fita ƙarƙashin darbejiya lokacin dubiya. Safara'u ta dama jikinta a sanyaye, don ta ji abin da likita ya hana, amma wace ce ita da za ta ce kada a sha furar surukuwa? Badaru ya kafa kai ya shanye, ya sa yatsa ya suɗe. Ya san daren nan tsohuwa za ta leƙa ƙwarya, in ta gan ta fes ta san ɗanta na raye yana ci. Nakiya kuma ta shige ƙarƙashin matashi, ana gutsura kullum, don kwanon ma sai ya koma wayam kasuwa mai zuwa.

Kashegari Alƙali ya yi ja. Ya ɗan sauko, kasuwa ta sake zagayowa, ya sake yin ja. Likita ya ƙara ƙwaya, ya binciki abincin da Safara'u ke dafawa ya ga daidai yake. Da ya tambayi Badaru ko yana cin wani abu a ɓoye, sai Badaru ya shiga ba shi labarin Direba da Yaron Mota. A ƙarshe likita ya zo ba fara'a, ya ce ƙwaya ta ƙi karɓarsa, da alama allura za a koma.

Yana fita Safara'u ta matso bakin gado ta rage murya. "Baban Talatu, ko ka faɗa masa ko ni in faɗa. Fura za ta raba ka da mai furar."

Badaru ya sa aka kira likita, ya ɗaga matashi ya nuna masa kwanon nakiya, ya ba shi labarin ƙwarya tun daga farko. Likita ya dafe kai.

"Malam Badaru! Ni ina nan ina juya littattafai, ashe a ƙarƙashin kanka amsar take kwana?"

"Ɗanɗana ɗaya, likita, sai ka yi mini uzuri."

Likita ya ƙi, amma dariya ta ƙwace masa. Ya ce za a sake gwaji daga farko, wannan karon ba zuma, ba nakiya, ba fura sai abin da ya auna.

Ranar kasuwa Hambali ya iso da ƙwarya kamar kullum. Badaru ya buɗe faifan, ya shaƙi ƙamshin citta da kanumfari, ya mayar ya rufe.

"Mayar mata."

"A haka? Kai dai so kake a yi makoki biyu, naka da nawa. Kawo in shanye a nan, in je in ce kai ne."

"Kai? Kai da in ka ɗauki goro a tasarta kunnenka ke rawa? Kafin ka yi sallama ta gano ka." Ya gyara zama. "Kuma ko ka iya ƙaryar yau, in na koma gida fa? Ƙwaryar tana jirana a ƙofar zaure kullum. Ni ba ni da bakin da zan ce mata ta daina. Kai mata a cike, za ta ji."

Hambali ya ɗauka yana gunaguni, wai in ba a sake ganinsa ba a raba gonarsa da adalci. Badaru ya raka shi da ido har ƙofa. Ranar bai tsokani kowa ba.

Kashegari wajen la'asar ana zaune sai ga Hambali ya shigo yana haki, bayansa wata 'yar tsohuwa siririya da lulluɓin saƙi. Inna Kubra ce, wadda ba ta taɓa shiga mota ba. Jaki ta hau zuwa Gwaram, daga can ta shiga motar kaya, Hambali ya ce tun daga tasha har tasha idonta a rufe tana ta'awizi. Ba ta ko dubi gadon ɗanta ba. Ta zauna a ƙasa bakin ƙofa, ta juya masa baya.

"Ina mai asibitin?"

Likita ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. "Inna, sannu da hanya. Wa kika zo dubawa?"

"Ba kowa. Na zo in ga wanda ke hana 'ya'yan mutane cin abinci."

Likita ɗan gida ne, nan take ya gane inda aka dosa. Ya zauna sosai a kan siminti ya ce, "Ni ne, Inna, kuma gara da kika zo. Akwai wani mutum a ɗakin nan da nake neman shekarunsa. Ya ce mini talatin."

Tsohuwa ta yi tsaki. "Shekarar da fara ta rufe rana, ta cinye geron ƙasar nan, an yi wata haihuwa a gidanmu. Sai ka lissafa."

Likita ya lissafa ya ce ai an haura arba'in. Hambali ya yi tsalle ya nuna gado. "Ka ji ko, tsoho! Sai in mayar maka da duk gaisuwar da na karɓa, ashe ni ne yaro!"

"Da can yaya jikinsa yake, Inna?"

"Sai da aka faɗaɗa ƙofar zaure."

"Mahaifinsa fa, me ya yi ajalinsa?"

Ta ce Malam da girma ya kama shi ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, kiyashi na bin bayan ɗakinsa, ƙaya ta soke shi a ƙafa miki ya ƙi warkewa. Ƙanensa ma haka ya yi. A lokacin an ce sammu ne. Badaru daga gado ya ɗago kai. Bai taɓa jin wannan ba, don yana can ci-rani aka yi jinyar.

Likita ya ce, "Inna, kin ba ni abin da na daɗe ina nema. Duk alamun nan na irin manya ne, mai jin ƙwaya. Saura abu ɗaya, zo ki gani da idonki."

Ya sa aka kawo siraran kwalabe biyu da 'yar fitila. A ɗaya aka ɗiga fitsarin Badaru na ranar, aka tafasa, ya tsaya a kore. A ɗayar ya ɗiga ruwan da aka jiƙa zumar gidanta a ciki. Kafin ƙiftawar ido ya yi jawur.

"Zumarki mai kyau ce, Inna, ga mai lafiya magani ce. Amma jikin mutumin nan ya gaza da zaƙi. In ya sha, haka take taruwa a jininsa ta yi ta cinsa. In aka ci gaba, sai in riƙe shi a garin nan da allura. In aka daina, ina sa ran in ba ki shi ki tafi da shi."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon jar kwalbar. Ta share ido da gefen mayafi, wai hayaƙin fitila ne. Sannan ta ce, "To me mutum zai ci?"

Likita ya lissafa mata: tuwo ɗan daidai, miyar ganye da yawa, wake, zogale, rama, kifi in an samu, nono ba zuma. Ta sa ya maimaita. Daga nan ta dubi bango ta ɗaga murya.

"A gaya wa mai shanun nan, in na sake jin an ɓoye nakiya ƙarƙashin matashi kamar yaron goye, da muciya zan zo."

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har da mai karyayyen haƙarƙari da ke roƙon a yi masa rai a daina. Badaru ya ja bargo ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Safara'u ta ce ba dariya kaɗai yake yi a ciki ba.

Inna Kubra ba ta koma ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a barandar masu jinya ta zama mai gadi. Duk ɗan dubiya da ya zo daga Farin Dutse da rake ko alkaki, a bakin ƙofa take tare shi, ta karɓa ta yi godiya, ta raba wa masu jinyar wasu. Liman da kansa ya aiko da dabino, ta ce a gaishe shi, ta ba mai shara. Kwaɗon zogale kuwa ita ke haɗawa, ta miƙa wa Safara'u ba tare da ta ce na wane ne ba.

Alƙali ya sauko daga kore ya koma shuɗi. Kasuwa ta zo ta wuce, yana shuɗi. Wata ta sake zuwa, an ɗebi jini an auna, likita ya shigo da fara'a tun daga ƙofa.

"Malam Badaru, naka na manya ne. Ga ƙwayarka. Duk wata ka zo in gan ka, ka kula da ƙafarka a gona, kada ka yi huɗa ba takalmi. Tashi ka ba ni gadona."

"Likita, shekarun fa? Ba za a bar mini talatin ɗin ba?"

"Je ka tambayi Inna."

An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, hanya duk ƙamshin ƙasa. A tasha aka ba tsohuwa gidan gaba, Badaru da Safara'u da Hambali suka hau baya kan buhunan gishiri. Direba na shirin tayar da mota, sai suka jiyo muryarta ta taga.

"Yaro, ka tafi a hankali. Akwai kayana a baya, da ƙyar na karɓo su."

Badaru ya isa gida a kan kari, ya yi shuka da kowa. Tumbin bai dawo ba, ya ce ya bar shi jingina a Birnin Kudu. Duk wata yakan hau mota ya je awo, ya dawo da labarai fiye da ƙwayoyi, kuma duk wanda ya ji yana yawan ƙishirwa a ƙauyen sai ya tasa shi gaba zuwa asibiti, ya ce a je a ji nasa wane iri ne. Inna Kubra ta yi shekaru masu dama bayan haka. Da ciwon ajali ya zo mata yana gida, shi ya yi ta ɗawainiyarta, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Yanzu ga shi ya bi ta. Zauren ya yi mana faɗi, hira ta ƙi daɗi. Allah ya gafarta masa, ya haɗa shi da iyayensa a gidan rahama, ya raya abin da ya bari.